Haƙoran Jan-baki

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Auta da maigidanta. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke kumbura in ya daɗe a tsaye. Yana shan magani, yana kuma gaishe ki.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wace ce kuma. Ni ce 'yar ɗan'uwanki mai gyaran agogo, wanda kakansa da kakanki uwa ɗaya uba ɗaya. Sau ɗaya kika gan ni, ina shekara shida, na hana ki sakat har kika raɗa mini Sarkin Tambaya. Sunan ya bi ni har jami'a. Baba ya ce kunnenki ba ya shiri da waya, in rubuto kawai.

Gwaggo, bincike nake yi a kan babban dodon koɗin teku, wanda Baba ya ce shekara talatin da huɗu kina fasa shi a rumfarku ta bakin ruwa. Ni kuwa a durowa na san shi. A ɗakin ajiyarmu akwai katantanwarsa ɗari biyu da 'yan kai, kowace kwance a kan auduga da takardarta. Wata ta kai tsawon kamu guda da ɗoriya, baki wangame, ciki sumul kamar an shafa mai. Nakan ɗauka in riƙe, in manta da abin da ya kawo ni.

Masana sun jera halittu gida-gida. Shi yana cikin masu taushin jiki, a ɓangaren masu tafiya da ciki. Zuri'arsu Volutidae, ɗakinsu kuma Cymbium, wato ƙaramin kwale-kwale ko kwano, saboda siffar katantanwar. Suna da 'yan'uwa a wani teku mai nisa da ake kira Melo, kama kamar an tsaga kara, sai dai su ƙwai suke sakawa, namu kuwa littafi ya ce haihuwa yake yi. Da gaske ne? Kin taɓa gani?

Ga babbar tambayar. A ginshiƙin da ke cikin bakin katantanwa akwai wasu tudu-tudu a jere. Yawancin namu huɗu gare su, bakinsu fari. Amma na sami goma sha tara masu uku, bakinsu ja, duk daga gaɓarku. Ina zaton wani iri ne dabam da ba a taɓa rubutawa ba. Me kika sani a kansu?

'Yarki,
Sarkin Tambaya

20 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Sarkin Tambaya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gode da kika tuna da tsohuwa. Lafiyata ƙalau sai baya. Ki gaishe da babanki, ki ce ya riƙa ɗora ƙafar a kan kujera, agogo ba zai gudu ba.

Na karanta wa matan rumfa wasiƙar. Da na zo wajen auduga, maƙwabciyata ta aje wuƙa ta ce, "Abin da muke tarawa tsibi a bayan rumfa shi ake shimfiɗa wa auduga? To a zo a shimfiɗa mana mu ma." Muka yi ta dariya. Amma ni na ji daɗi, don na daɗe ina cewa halittar nan ba a ba ta girmanta ba.

Ke katantanwa kika sani, to ita ce ƙaramar aba a jikinsa. In masunta suka zazzage shi daga raga, tsokarsa ta fi gidansa girma nesa ba kusa ba, ba ya iya shigewa ciki duka, kuma ba shi da murfi. A cikin yashi yake binne kansa, ya bar ɗan bututu a waje yana shaƙar ruwa. Kada laƙwas ɗin nan ya ruɗe ki, mafarauci ne. Sau da yawa nakan buɗe tsokar in tarar ya naɗe wata ƙaramar katantanwa ciki ruf, kamar uwa ta rufe ɗa da zane, alhali cinye ta zai yi.

Haihuwa kuwa littafinku bai yi ƙarya ba. Uwar tana da wata jaka a cikin tsokar. In na tsaga sai in ga 'ya'ya kwance, kowane da 'yar katantanwarsa an gama ƙerawa, da cibiyarsa a ka. Ranar da na fara gani sai da na yi salati.

Tudun nan da kike faɗa, mu haƙora muke ce musu. Masu jan ciki kuma Jan-baki, kamar masu shirin fita unguwa. Amma Jan-baki ba iri dabam ba ne. Daga wajen laka ake kamo su, na yashi kuma su ne farare.

Ki yi haƙuri da takardar, a kan bakin baho nake rubutu, an watsa mini ruwa.

Gwaggonki

5 ga Maris

Gwaggona,

Gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Baba ya ji saƙo, ya ce har yanzu bakinki bai mutu ba.

Wasiƙarki ta fi mini littafi uku. Ruwa ya ci tawadar wajen ƙarshe, amma na ɗaga ta a taga na haɗa abin da ya rage: "Jan-baki… iri dabam… ne." Gwaggo, tsalle na yi a tsakiyar ɗakin gwaje-gwaje, har mai shara ta leƙo ko wuta ce ta ja ni. Wata takwas ina ɗauke da zaton nan ni kaɗai, ina jin kunyar furtawa. Ga shi wadda ta fi kowa sanin dabbar ta ce haka ne.

Na kai wa Farfesa, malamin da ke duba aikina. Dattijo ne mai wuyar yabo. Ya jera katantanwa goma sha tarar a tebur, ya sa yatsa yana ƙirga haƙora ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Wa ya koya wa gwaggon nan taki kallo haka?" Na ce wuƙa da baho. Ya yarda in gina dukan kundina a kan wannan, zan kare shi gaban kwamiti ranar ashirin ga Yuli.

Ga albishir. Duk wanda ya gano sabon iri, shi ke raɗa masa suna, kuma sunan ba ya gogewa, duk duniya da shi za a kira. Sunanki zan sa, a liƙa shi a bayan Cymbium. In kin amince ki sanar da ni yadda kike so a rubuta shi.

'Yarki

28 ga Afrilu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Mako bakwai ke nan ba amsa. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu, har masinja ya fara kaɗa mini kai tun daga nesa. Baba ya kira lambar Auta ba ta shiga.

In maganar sunan ce ta ɓata miki rai, ki yafe mini. Wataƙila na yi azarɓaɓi, 'yar da aka gani sau ɗaya ta zo tana wasa da sunan manya. Na gama babi huɗu, na zana haƙoran, an kafe sunana a allon masu karewa. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

'Yarki

16 ga Mayu

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Ina raye, alhamdulillahi. Wuƙa ce ta zame ta shiga tafin hannuna na dama. Na raina abin, ya kumbura har gwiwar hannu, sai da aka kwantar da ni asibiti kwana ashirin da uku, na ƙarasa jinya a gidan Auta, wayarta kuma ta faɗa ruwa. Wasiƙunki biyu suna rumfa a cikin gwangwani. Jiya na karanta su. Wannan da hannun hagu nake rubuta ta, kada ki yi dariyar harufan.

Na karanta ta farkon sau uku. 'Yata, ba haka na rubuta ba. Cewa na yi BA iri dabam BA ne. Ruwa ya cinye "ba" biyu, ke kuma kika cike gurbin da abin da ranki ke so.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi tunanin in yi shiru. Auta ma cewa ta yi, "Inna, ki bar yarinya ta ci jarrabawarta mana. Wa zai zo rumfar nan ya bincika? Kuma ke ba kya son sunanki a littafi?" Ina so. Wallahi ina so. Ban taɓa ganin sunana a rubuce ba sai a katin asibiti. Amma kin ce sunan ba ya gogewa. To ba na son a manna shi a kan abin da na san babu shi.

Haƙoran nan ba su da amana. Na sha tsaga uwa mai huɗu in tarar da masu uku a cikinta. Jan kuwa, ni dai a masu zaman laka nake ganinsa. Ki gaya wa malaminki tun da sauran lokaci.

Gwaggonki

27 ga Mayu

Gwaggo,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi baƙin cikin jin abin da ya sami hannunki.

Batun ɗayan kuma, ki gafarce ni, a nan ba a rushe aiki da "na sha gani". Ni na auna, na ƙirga, na rubuta. 'Ya'yan ƙanana ne, ana aiki da sauri, hannu da yauƙi, ido yana iya ganin uku a inda huɗu suke. Kuma ta yiwu 'ya'yan uwa biyu sun cakuɗe a baho. Wata goma sha ɗaya da babi huɗu ba za su tafi a kan tunawa ba. Saura mako bakwai da 'yan kwanaki. Ban gaya wa Farfesa komai ba, kuma ba ni da abin da zan nuna masa in na gaya.

Kada ki ɗauka raini ne.

'Yarki

24 ga Yuni

Sarkin Tambaya,

Gaisuwa. Hannu ya fara riƙe wuƙa, ko da yake yatsu biyu ba sa lanƙwasawa.

Na ji zafin wasiƙarki kwana biyu. A na uku na ga kina da gaskiya a wuri ɗaya: ba ki da abin nunawa. Sai na koma rumfa. Na ce wa mata duk wadda ta ji uwa mai nauyi kada ta tsaga, ta miƙo mini. Mun yi mako uku muna nema, na buɗe ta fi sittin, wasu ba 'ya'ya, wasu 'ya'yan ba su ƙosa ba.

Direban motar kifi zai kawo miki kwali. A ciki akwai katantanwar uwa, fara, haƙora huɗu. Akwai babbar kwalba cike da sifirit mai hana ruɓewa da mai kemis ya ba ni. Jakar 'ya'yanta ce a ciki. Ban buɗe ta ba, na yanko ta dunƙule yadda Allah ya rufe ta, don kada a ce an cakuɗa. Ni ma ban san abin da ke ciki ba. Biyu da na buɗe kafin ita, ɗaya duk huɗu ne, ɗaya gauraye. In wannan duk huɗu ce, to ki ci gaba da aikinki, ni kuma in ci gaba da nema.

Ki ƙirga da kanki.

Gwaggonki

23 ga Yuli

Gwaggona, uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan yatsun suna sakewa. Baba lafiya, ya ce in gaya miki ya sara miki.

Kwalin ya kwana biyu a ƙarƙashin teburina ban taɓa ba. Tsoro nake ji. Har na raya a raina in tura shi bayan kabad sai an gama jarrabawa. Abin da ya hana ni, na tuna da wane hannu aka yanko jakar.

Ran Laraba da safe na ɗauka na tafi ofishin Farfesa, na ajiye masa wasiƙunki duka, har da tawa ta rashin kunya da na kwafe. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya cire tabarau ya ce, "Tun yaushe kika san da wannan?"

Na ce, "Mako shida."

Ya ce, "Mako shida. To wannan za mu yi maganarsa daga baya. Ɗauko almakashi."

A gabansa na tsaga jakar. Gwaggo, kin faɗa mini, amma ji dabam gani dabam. Su goma sha ɗaya, a jere, kowane da cibiyarsa da bakinsa da ginshiƙinsa, ba abin da aka rage. Na sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, ina ƙirgawa yana rubutawa. Na farko huɗu. Na biyu huɗu. Na uku ma huɗu, har zuciyata ta fara dawowa. Na huɗu na juya shi sau biyar ina neman haƙorin da babu. Farfesa ya ce, "Faɗi abin da kika gani." Na ce uku. Da muka gama, bakwai masu huɗu, huɗu masu uku, daga ciki ɗaya.

Na kifa kai a tebur na yi kuka. Da na ɗago sai na ga dattijon ya manne ido a madubin yana murmushi shi kaɗai. Ya ce, "Shekara arba'in ina koya wa ɗalibai su dogara da haƙoran nan. Ki share hawaye, wannan kwalbar ta fi sabon suna."

Faɗan da ya yi alkawari bai manta ba, na sha shi a ranar nan da rana, kuma na cancanta. Daga nan na zauna mako uku na juya kundin. Ran ashirin na tsaya gaban kwamiti na ce na zo da zato, ga abin da ya rushe shi. Wata malama ta ce uwa ɗaya ba ta isa hujja ba. Na ce haka ne, shi ya sa ba na cewa an gama, cewa nake yawan haƙora kaɗai bai isa a raba iri ba, sai an ƙara tara uwaye an kuma yi gwajin ƙwayoyin halitta. Ta tambaya wa ya yi dabarar aiko jakar a rufe. Na gaya mata. Ta ce, "Wace jami'a ta yi?"

Na ci, Gwaggo, da sharaɗin gyara babi biyu. Za a buga rahoton, kuma Farfesa ya ce masu shi uku ne, shi da ni da ke, sunanki a matsayin wadda ta yi aikin. Ga takarda nan ki sa hannu in kin yarda.

Ki yafe mini abin da na rubuta a kan idonki. Kuma ina da wata tambaya, kin san hali. In an sami uwa mai rai da ta ƙosa, za ki iya ajiye ta a ruwan teku ki ga yadda take yi?

'Yarki mai neman gafara

19 ga Agusta

'Yata,

Wa alaikumus salam. Barka, barka. Na yafe tun kafin ki roƙa. Na sa hannu, da dama, a hankali. Yatsa ɗaya ya dawo, ɗayan likita ya ce sai haƙuri. Ki ce wa malamar nan tana iya zuwa jami'armu, amma ta zo da takalmin roba.

Na yi abin da kika ce. Ran Litinin mijin Auta ya kawo wata uwa, ban taɓa ɗaga mai nauyinta ba. Na zuba yashi a babban baho, na cika da ruwan teku, na sa ta a inuwa, ina canza ruwan safe da yamma. Mata suna ta tsiya, wai na yi baƙuwa, ko a kawo mata matashi. Kwana biyu ba ta yi komai ba, ta nutse a yashi, bututun kawai ke motsi.

Ran Alhamis da hantsi ina kaifafa wuƙa, maƙwabciyata ta ce, "Ke, zo ki ga baƙuwarki." Ta taso daga yashi ta baje tsokarta har ta cika bahon. Sai ga ɗaya ya sulluɓo daga ƙarƙashinta. Ya ɗan tsaya, ya fito da nasa ɗan bututun, siriri kamar tsinke, ya ja jiki kaɗan, ya fara tura kansa cikin yashi. Ba wanda ya koya masa. Na biyu ya biyo. Mata tara a rumfa, wuƙaƙe a hannu, ba mai aiki. Sai da muka ƙirga goma sha huɗu.

'Yata, shekara talatin da huɗu ina ganin 'ya'yan nan, amma a bakin wuƙa nake ganinsu. Ban taɓa ganin suna tafiya ba sai ranar.

Ban ƙirga miki haƙoransu ba, ki yi haƙuri. Na kai hannu zan ɗauki ɗaya, na fasa. Mijin Auta ya tura kwale-kwale, muka kinkimi bahon mu huɗu, aka kai mu bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, na karkata shi a hankali har ya zama wayam. Da muka dawo maƙwabciyata ta ce, "Naman nan fa ya isa gida biyu." Na ce na sani. Can ta ce, "Gobe in na samu mai ciki, ina bahon yake?"

Yanzu baho uku ne a inuwa. Ki nemi hutu ki zo da madubinki, ki ƙirga su da ransu. Akwai katifa a ɗakina.

Gwaggonki